Ƙofar Zoben Gidan Haliru

Akwai wani ciwo da ba a sayar da maganinsa a kasuwa, shi ne gyara abin mutum ba tare da an tambaye shi ba. Mai wannan ciwo ba lalle ne ya zama mugu ba, sau da yawa ma da kyakkyawar niyya yake yi. Matsalarsa ɗaya ce, duk abin da idonsa bai saba da shi ba, kuskure ne a wurinsa. Shi ya sa magabata suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma garin neman gira akan rasa ido. Wannan ciwo ne ya kama Malam Mannir, ga kuma yadda ya kwashe da shi.

Mannir mutumin Darini ne ta ƙasar Batsari, amma a Safana yake koyarwa, a wata makarantar firamare, shekara tara ke nan. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, ƙanen mahaifin, Baffa Haliru, shi ya riƙe shi ya sa shi boko. Tun da Mannir ya kama aiki bai yarda da ajiya a hannu ba. Da ya tara ɗan abin da ya tara sai ya sayi maraƙi ya kai garken Baffa, a ɗora ƙarfen lalas a wuta a buga masa shaidar gida a cinya, ya bi 'yan'uwansa kiwo. A haka ya mallaki saniya uku da bijimi ɗaya. Su da wani tsohon babur, iyakar abin da ya mallaka ke nan a duniya.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda ba a fatan Allah ya maimaita. Gonar da ta yi nisa da gari ta gagari noma, tiyar masara ta zama abin da magidanci ke juyawa a rai kafin ya taya. Ran wata Alhamis da la'asar ɓarayin daji suka tare garken Baffa Haliru a wurin kiwo, suka kora kai ashirin da shida, har da huɗun Mannir. Baffa ya tsira da rai, sai dai tun daga lokacin yanar da ke idonsa ta yi ta kauri, har ya kai yana gane mutum da murya kafin fuska.

A Safana, kusa da tasha, akwai shagon wani Musaddiq mai buga katin biki da fastoci. Nan Mannir ke zama in an tashi daga makaranta, don inuwa da cajin waya. Zama ya yi zama, ya ce a koya masa. Musaddiq ba marowacin sani ba ne, ya ja masa kujera.

Abin da ya fara nuna masa shi ne yadda ake ɗauko zanen hannu daga takarda a mayar da shi cikin kwamfuta. A ɗauki hoton zanen da waya, a shimfiɗa shi a ƙasa kamar tabarma, a dushe haskensa, a kulle shi don kada ya motsa. Sannan a bi samansa da linzamin kwamfuta ana kafa ɗigo a duk inda layi ya juya, ana jan 'yan hannuwan da ke jikin kowane ɗigo har layin ya lanƙwasa daidai da na ƙasa. Musaddiq ya ce masu abin suna kiransa bekta. Ya ce hoto kamar gero ne a faifai, in ka buɗa shi sai ƙwayoyin su watse ka rasa gane komai. Shi kuwa wannan igiya ce a kan turaku, ko ka ja shi ya cika bango turakun ne kawai ke ƙara tazara, igiyar tana nan da kaifinta.

Zanen farko da Mannir ya bi na akuya ne. Ya cika mata ɗigo fiye da ɗari, ta fito duk ƙusoshi. Musaddiq ya leƙo ya ce wannan ai ko kura ta gan ta sai ta yi a'uziyya, ya tambaye shi ko akuyar ta yi karo da motar itace ne. Ya nuna masa cewa ƙarancin ɗigo shi ne santsin layi. Mannir mai naci ne, cikin wata uku hannunsa ya faɗa. Abin da ya fi ɗaukar masa hankali kuwa wasu maɓallai ne guda biyu, ɗaya ya ba ka zobe cif kamar farin wata daren sha huɗu, ɗaya ya ba ka layi miƙaƙƙe kamar zaren magini. Da Musaddiq ya ga yana yawan kai hannu gare su, sai ya ja masa kunne.

"Malam, a wannan aikin kai mai bin sawu ne, ba mai tsaga hanya ba. Inda layin mai zane ya tsaya, kai ma ka tsaya. In ka yi shakka, tambayi mai shi."

Mannir ya ce ya ji. Jin kunne.

A wannan lokacin wata fitina ta taso bayan ta ɓarayi. Wani sa'in akan ƙwato shanu daga daji a kawo gari, sai ka ga mutum uku sun kama igiyar saniya ɗaya, kowa na neman a ba shi Alƙur'ani ya dafa. Yunwa ba ta san kunya ba. Dattawan Darini da Tsaskiya da Babban Duhu suka ga in aka ci gaba da rantsuwar nan, abin da zai sauko wa ƙasa ya fi ɓarayi. Suka zauna, suka naɗa Malam Yusha'u, tsohon malamin dabbobi mai ritaya, ya shugabance su. Baffa Haliru ne ya kawo shawarar da aka ɗauka: kowane maigida ya zana shaidar shanunsa da hannunsa, a haɗa su a babban allo guda, a kuma ba kowa ƙaramin kati. Daga ranar ba rantsuwa, ba kiran saniya da suna, abin da ke kan allo shi ne alƙali. Kowa ya amince, aka shafa fatiha.

Aikin ya zo shagon Musaddiq, domin zane ɗaya ake so ya fito a allo mai faɗin ƙofar zaure, ya kuma fito a katin da zai shiga aljihu. Lokacin bayan Salla ne, katunan biki sun yi masa yawa, sai ya miƙa wa Mannir takardu arba'in da uku.

Takardun kam abin kallo ne. Wani da biro a bangon littafin ɗansa, wani da gawayi. Akwai mai zube biyu, akwai mai ƙafar kaza, akwai mai baka da kibiya. Akwai kuma lauje, wato lanƙwasa mai buɗaɗɗen baki da ƙota a karkace, shaidar gidan wani Mati na Babban Duhu. Shi Mati ɓarayi sun kashe shi a bakin garkensa, matarsa Kulu ce ta zana, ta aiko da sunan marayunsa. Duk waɗannan Mannir ya bi su sau da ƙafa, ɗigo bayan ɗigo, saboda bai san masu su ba, yana tsoron bakinsu.

Na ƙarshe shi ne na gidansu. Baffa ya zana shi da alƙalamin kara da tawada a bayan takardar buhun siminti. Zobe ne, sai dai bakinsa biyu ba su haɗu ba ta sama, an bar 'yar tazara. A ƙarƙashinsa sanda ce, ita ma ta karkace hagu.

Mannir ya yi murmushi, tausayi ya kama shi. A ransa ya ce idon Baffa ya tafi, ko zobe ba ya iya haɗawa. Ya sha ganin wannan shaida a cinyar shanu tun yana yaro, amma gani daban ne, lura daban. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu ya bar gida, abin da ya sani tabo ne a cikin gashi. Ya yi tunanin bugo waya, ya tuna a Darini sai an hau tudu ake samun magana, kuma sai an nemi mai kai wa Baffa wayar. Ya kuma ga bai dace a rataye allo gaban jama'ar ƙauyuka uku a ga shaidar gidan malamin makaranta ce ta fi kowace karkacewa ba. Ya danna maɓallin farko, zobe ya fito cif. Ya danna na biyu, sanda ta miƙe tsaye ƙiƙam.

Musaddiq ya zo wucewa da kofin shayi, ya dubi takardar, ya dubi fuskar kwamfutar, ya ce kamar na ƙasa bai haɗe ba.

Mannir ya ce, "Gidanmu ne fa, mutumina. Ko shaidar gidanmu ma kai za ka koya mini?"

Musaddiq ya ce Allah ya huci zuciyar Malam, ya wuce. Da yamma aka share shago, takardar siminti ta bi shara. Hoton kuma Mannir ya goge shi daga waya don wuri ya yi masa kaɗan.

Da allo ya fito aka sa rana kowane maigida ya zo Safana ya duba tasa, ya dangwala yatsa a kan cewa haka take. A makon hanyar Darini ba ta biyuwa, Baffa bai samu zuwa ba. Mannir ya ce ai ɗa ma maigida ne, ya dangwala nasa babban yatsan a ƙarƙashin zoben. Daga baya ya kai wa Baffa katin. Tsohon ya kai shi dab da ido, ya juya shi wajen haske, bai ga komai ba sai dishi-dishi. Ya shafa da yatsa, ya ji sumul. Ya ce wanga kati bebe ne, ba ya magana da hannu. Ya tambaya ko an bi yadda ya zana. Mannir ya ce yana nan daram. Baffa ya sa masa albarka, ya cusa katin cikin hularsa.

Wata bakwai suka wuce. Bayan an kai amfanin gona gida, labari ya zo cewa an ƙwato shanu wajen saba'in, an tara su a filin bayan kasuwar Safana. Mannir ya tafi Darini da sassafe ya goyo Baffa a babur.

Tun daga nesa ya hango su. Sun rame, haƙarƙari a waje, amma su ne: farar saniyarsa mai karyayyen ƙaho, da ja guda biyu, ɗaya cikinta ya yi nauyi, da bijiminsa, da wata tsohuwar saniyar Baffa. Biyar daga cikin ashirin da shida. Ya raɗa wa Baffa, tsohon ya yi hamdala a hankali.

An jingine allon a jikin wata bishiyar dalbejiya. Malam Yusha'u na bin shanun ɗaya bayan ɗaya, ya share gashin cinya da tafin hannu, ya duba, ya je gaban allo ya nemo, a kira maigida. Aiki na tafiya lami lafiya, ba hayaniya, har mutane na cewa Allah ya saka wa wanda ya kawo wannan dabara. Aka zo kan biyar ɗin nan.

To, shaidar lalas ba ta zama yadda aka buga ta. Tun dabba na maraƙi ake yi, tana girma fata na buɗewa, shaidar na buɗewa tare da ita. 'Yar tazarar da ke bakin zoben ta zama faɗin yatsu uku, ga rama ta sa fata ta saki, sandar ta ƙara kwantawa. Malam Yusha'u ya daɗe yana duba, ya je gaban allo ya dawo har sau biyu. Sannan ya ce lanƙwasa mai buɗaɗɗen baki da ƙota a karkace, lauje ne, a kira gidan marigayi Mati.

Mannir ya tsallako igiyar da aka kewaye shanun da ita yana cewa nasu ne, ya san su kamar yunwar cikinsa. Malam Yusha'u ya ce ya kwantar da hankalinsa ya zo ya nuna shaidar gidansu. Ya je ya ɗora yatsa a kan zoben, sai a lokacin idonsa ya koma kan cinyar farar saniyar, ya sake dawowa kan allo. Ya janye yatsansa.

Baffa Haliru ya ce a kai shi. Aka kama hannunsa aka ɗora a cinyar saniyar. Ya bi tabon da yatsa a hankali, ya zagayo, har ya zo inda ya yanke.

Ya ce, "Ga ƙofar nan."

Malam Yusha'u ya tambaye shi wace ƙofa. Baffa ya ba da labarin a taƙaice, hannunsa na kan saniyar. Ya ce tun zamanin kakansa ƙarfen lalas ɗin gidansu ya tsage ta sama. Maƙeri ya ce a kawo ya haɗe, kakan ya hana, ya ce a bar wa arziki ƙofar shiga, garken da aka rufe ruf ba ya ƙaruwa. Da ƙarfen ya tsufa aka ƙera sabo, da tsagarsa aka ƙera shi. Sandar kuma ta makiyayi ce a jingine, alamar ya dawo gida lafiya ya huta. Ya ce duk wani tsoho a Darini ya san zobe mai ƙofa. Sannan ya roƙi Malam Yusha'u ya faɗa masa abin da ke kan allo da sunansa, tunda shi ba ya gani.

Malam Yusha'u ya ce zobe ne rufaffe, da sanda a tsaye.

Baffa ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashin Mannir.

"Wa ya rufe?"

"Ni ne, Baffa."

"Ka tambaye ni?"

Mannir ya sunkuyar da kai.

Aka nemi takardar asali, babu. Aka nemi hoton, babu. Wani ya ce a aika Darini a ɗauko ƙarfen, wani ɗan Babban Duhu ya ce ƙarfe ai kowa na iya tsaga shi jiya-jiya. Malam Yusha'u ya juya ga Kulu, wadda ke tsaye gefe cikin mayafi, ya tambaye ta ko ta san shanun. Ta ce ita tsakaninta da Allah ba ta san su da fuska ba, tana cikin gida, mai gidan ne ya san dukiyarsa, kuma sun fi hamsin da aka kora. Laujen kawai ta sani. Ta ce da nata ne da ta bari, amma na marayu ne, ba ta da bakin da za ta yafe abin da allo ya ba su.

Malam Yusha'u ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce a zuciyarsa bai ƙaryata Malam Haliru ba ko kaɗan. Amma ga yatsan ɗan gida a ƙarƙashin zoben. Wasu daga cikin dattawa suka ce to a yi wa wannan ɗaya uzuri, a kawo Alƙur'ani tsohon ya dafa, ai kowa ya san ba ya ƙarya. Zuciyar Mannir ta ɗago, ya dubi Baffa.

Baffa ya ɗauke hannunsa daga kan saniyar. Ya ce, "Ni na ce a bar rantsuwa a bi allo. In na rantse yau, gobe mai ƙarya ma ya rantse, gida arba'in da biyu su rasa madogara saboda saniya biyar. Ba ni zan fara karya shi ba. A ba marayu, Allah ya sa musu albarka."

Haka aka yi. Mannir na tsaye aka sa wa farar saniyarsa igiya, ta waiwayo sau ɗaya, aka kora su hanyar Babban Duhu.

Suka kama hanyar komawa Darini a babur. Sai da suka kusa gari Baffa ya dafa kafaɗarsa, ya ce masa da murya marar zafi, ana cewa kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara, to shi kam ya hau. Bai ƙara tayar da zancen ba har yau, kuma shirun nan ya fi wa Mannir bulala ciwo.

Bayan kwana biyu Mannir ya koma shago. Musaddiq bai ce masa ai na faɗa maka ba, kujera kawai ya ja masa. Baffa ya sake zana shaidar, Mannir ya bi ta ɗigo ɗigo, inda layi ya tsaya ya tsaya. Da katin ya fito ya sa allura ya huhhuda layin, ya kai Darini. Tsohon ya bi hujin da yatsa har ya zo tazarar, ya gyaɗa kai. Aka manna gyara a kan allo gaban shaidu. Sai dai gyaran bayan ɓarna ne, abin da ya tafi ya tafi.

Tsohuwar saniyar Baffa ce ta tsaya wa Mannir a rai, domin ita ba tasa ba ce da zai ce ƙaddara. Ya kai babur ɗinsa kasuwar Batsari, ya dawo da karsana a igiya, ya ɗaure ta a turken Baffa, aka buga mata shaidar gida. Ita kaɗai ce yanzu ke ɗauke da zobe mai ƙofa a duk faɗin Darini.

Ga abin da danna maɓalli biyu ya ci wa Malam Mannir: saniya uku, ɗaya da cikin da ta haife a Babban Duhu bayan wata biyu, ya zama huɗu. Bijimi ɗaya, biyar. Babur, shida. Tarin shekara tara ke nan cif, kuma tun daga ranar a ƙafa yake zuwa makaranta.